Wa Ke Ɓata Sunan Araceli?

Shafi na 23

Masu bina har cikin akwatin saƙo da ƙorafin na bar Araceli a filin jirgi tun makon jiya, na ji ku. Makin jarrabawar yara ne ya danne ni. Ga ta nan ta iso gida.

*

Rabin labari kawai Araceli ta bayar da ta dawo daga taron ɗaukar malamai. Tun a bakin filin jirgi ta faɗa wa mijinta Eloy cewa wannan karon an dace. Wata makaranta a Muskat ta ƙasar Oman ta ɗauke ta koyar da lissafi, za ta fara a watan Agusta, kuma da iyalinta za ta tafi. Eloy ya rungume ta har sai da ta ce zai karya mata haƙarƙari. 'Yarsu Marisela mai shekara tara ta cika motar da tambaya, ko akwai teku a can, ko za a bar ta ta tafi da kyanwarta.

Ɗaya rabin kuwa haɗiye shi ta yi har aka wayi garin Litinin.

Ba wannan ne zuwanta taron na farko ba, ba kuma na biyu ba. Duk shekara cikin sanyin Fabrairu shugabannin makarantu daga ƙasashen duniya sukan cika wani otal a jihar Iowa, malamai su bi layi da takardunsu suna neman aiki. Duk zuwan da ta yi sai an yaba ta, a riƙe hannunta a ce ta saurari waya. Daga nan sai shiru. In ta matsa da tambaya a turo mata 'yar gajeriyar ban haƙuri. Har ta fara tuhumar kanta, ko maganarta ce, ko shigarta, ko kuwa daga ganinta an san daga ƙauye ta fito.

Bana sai ga Misis Penhallow, dattijuwar Baturiyar Ingila da ke riƙe da makarantar Muskat. Bayan ta ba ta aikin ta ja ta gefe wajen teburin shayi, ta ce mata bara ma ta so ɗaukarta, wayar da ta buga wa shugabar makarantarsu ce ta hana. Bana ba ta kira shugabar ba, wani tsohon abokin aikin Araceli ta nema, sai ta ji magana daban. Ta ce ba a saba faɗin abin da mai ba da shaida ya faɗa ba, amma ita ta tsufa da rufa irin wannan asirin. Ta kwashe duka ta faɗa mata.

Shugabar kuwa ba kowa ba ce illa Malama Ofelia Maestas. Ita ta riƙe Araceli a coci ranar baftisma, ita ta koya mata karatu, ita ta ɗauke ta aiki. In ba a gaban ɗalibai ba, Nina take kiranta, kamar yadda kowa ke kiran uwarsa ta baftisma.

Ranar Litinin ɗin bakinta ne kawai ya koyar. Ajin nan ne dai mai tagar da fenti ya manne tun tana ɗaliba, ba ta taɓa buɗuwa ba. 'Ya'yan 'yan ajinsu ne yanzu a gabanta, fuskokin iyayensu sak. Ita ce malamar lissafi, ita ce ta kimiyya tun da mai koyar da ita ya tattara ya koma jihar Colorado, ita ke horar da 'yan mata ƙwallon raga, ranar da direban bas ya kwana yana sha kuma ita ce direba. Garinsu Ojo Frío titi ɗaya ne, ya taso daga coci ya ƙare a gidan man da aka rufe. A nan mahaifiyarta ta rayu ta mutu tana cewa wata rana za ta je ta ga teku. Duk sa'ad da Araceli ta kalli tagar nan sai ta ji numfashinta na yin sama.

Ta jira aka tashi, motocin yara suka fita. Sannan ta nufi ofis, ta tura ƙofa ba tare da ta ƙwanƙwasa ba.

Malama Ofelia na zaune da kofin gahawa da 'yan biskit masu kirfa a faranti, tabarau a kan karan hanci, hoton Budurwa Maryamu a bango bayanta. Tana ganin Araceli fuskarta ta washe. Ta miƙo hannuwa tana cewa 'yata ashe an dace, ta ji labari jiya bayan coci, ta zo ta zauna ta ba ta komai daga farko.

Araceli ta mayar da ƙofar ta rufe. Ba ta zauna ba.

"Nina, me kika faɗa wa Misis Penhallow bara?"

Hannuwan suka sauka a hankali. Dattijuwar ta ce Turawan da ke kiranta suna da yawa, ina za ta riƙe sunan kowa, ga tsufa.

"Bari in tuna miki. Kin ce mata kaina ba daidai yake ba. Kin ce na taɓa barin yara su kaɗai a aji, na kulle kaina a sito ina kuka har aka tashi. Kin ce ke ba za ki ba ni amanar ɗan kowa ba a ƙasar da ba ni da kowa."

Malama Ofelia ta cire tabarau ta ajiye a kan takardu. Ta daɗe tana goge gefen bakinta da yatsa.

"Ƙarya na yi?"

Da ta musa, da abin ya zo wa Araceli da sauƙi. Ta kama bayan kujera ta riƙe. An yi ranar, ba ƙarya ba ne. Shekarun baya ne, lokacin da cikinta na biyu ya zube yana wata shida, namiji. Ba ta gama jinya ba ta koma aiki. Wani yaro ya yi kukan jariri don ya ba 'yan aji dariya, ita kuwa ta ajiye alli ta fita. Wannan matar da ke gabanta ita ta buɗe siton, ta zauna a ƙasa cikin ƙura ta ɗora kan Araceli a cinyarta, tana shafa mata gashi tana cewa ba mai jin wannan magana har abada.

"A satin na binne ɗana, Nina. Ke kika kira ni kika ce in dawo, babu mai riƙe ajin."

"Na sani."

"Kin sani, kika ɗauki wannan ranar kika miƙa wa baƙi a waya."

Sai dattijuwar ta shiga kare kanta. Ta ce Araceli ta duba garin nan da idon rahama. In ta tafi wa zai koya wa yaran nan lissafi? An yi ta cigiyar malamin kimiyya ba wanda ya ko leƙo. Wa zai bar birni ya zo inda sai an hau kan tudu ake samun layin waya? 'Ya'yan masu kuɗi na Muskat ba su rasa malamai ba, amma waɗannan ita kaɗai gare su. Tana maganar tana juya kofi a kan tebur, idonta a ƙasa, muryarta irin wadda take amfani da ita a taron iyaye.

Araceli ta bar ta ta kai ƙarshe. Sannan ta ce in haka ne me ya hana ta faɗa mata a fuska? Ita ta raka ta kanti suka zaɓi kwat ɗin da ta sa a ganawar farko. Ita take zaunar da ita a wannan ofis tana yi mata tambayoyin gwaji. Duk dawowar da ta yi hannu rabbana, a kafaɗarta take kuka.

"Har kyandir kika kunna mini a coci."

"Na kunna. Ban dai faɗa miki abin da na roƙa ba."

Wata dariya ta kuɓuce wa Araceli, marar daɗin ji. Ta saki kujerar ta gyara tsayuwa. Ta ce to bana roƙon bai karɓu ba. Gobe za ta kawo takardar ajiye aiki, in shekarar karatu ta ƙare ta gama da makarantar nan. Maganar wayar kuma za ta kai ta gaban hukumar makarantu, kowa ya ji irin shaidar da shugaba ke bayarwa a kan malamanta. Watan Agusta na kamawa ita da mijinta da 'yarta sun bar Ojo Frío.

Ta juya ta kama hannun ƙofa.

"Ba za ki tafi ba, 'yata."

"Ki hana ni mu gani."

"Ba ni zan hana ki ba."

Yadda ta faɗe shi ne ya tsayar da Araceli. Muryar taron iyaye ta tafi, ta bar muryar tsohuwa da ta gaji. Malama Ofelia ta ce shekarar farko da aka tambaye ta, yabo ta rubuta har takarda ta cika, don ita ma tana so ta ga ɗaya daga cikin 'ya'yanta ya fita ya ga duniya. Tana shirin aikawa wani ya zo ya same ta a kicin tana murza tortilla, burodinsu mai faɗi kamar gurasa. Ƙato guda ya durƙusa mata a kan siminti yana kuka kamar yaro. Ta yaga wancan yabon ta rubuta wani.

"Maganar yara da lissafi gaskiya ce, amma ba ita ta sa ni ba. Na ɗauki wannan zunubin ne don in raba ki da abin da ya fi shi. Sauran ba nawa ba ne balle in faɗa."

"Wane ne?"

Haɓa kawai dattijuwar ta ɗaga ta nuna taga.

A farfajiyar makarantar mota ɗaya ta rage. Farar a-kori-kura ce ta hukumar gyaran hanya, taɓo har rabin ƙofa, hayaƙi na fita ta bayanta. Duk Litinin Eloy ke biyowa ya ɗauke ta, kafin Marisela ta taso daga darasin coci. Yana zaune ya tura hula baya, yana buga sitiyari da yatsu yana bin waƙar rediyo.

Araceli ba ta san lokacin da ta fito daga ofishin ba. Ta dai tsinci kanta tana taka narkakkiyar ƙanƙara, jaka a hannu, kwat a buɗe, ba ta ma jin sanyin.

Ya miƙo hannu ya buɗe mata daga ciki. Motar da ɗumi, tana ƙamshin barkono da man inji. Ya nuna mata ƙunshin wake da nama a tortilla da ya ajiye mata a bakin hita, ya ce ya san Malama Balarabiya ba ta ci komai ba tun safe, gara ta ci yanzu don a can sai dabino. Ya fara ba ta labarin wani rami da suka cike a hanyar dutse, wanda ya ce ya isa a binne saniya.

Ba ta taɓa ƙunshin ba. Ba ta kalle shi ba.

Labarin ya mutu a bakinsa. Ya dubi gefen fuskarta, ya ɗaga kai ya dubi tagar ofis, inda Malama Ofelia ke tsaye ta riƙe labule. Ya kashe rediyon.

Bai bi hanyar gida ba. Ya sauka kan turbar ƙasa da ke bin magudanar ruwan gonaki, motar na tangal-tangal cikin caɓi, har suka kai gindin manyan itatuwan da suka zubar da ganye. Nan ya tsaya. Rana ta yi ƙasa, ba kowa sai shanun wani can nesa.

"Ta faɗa miki," ya ce.

"Ina so in ji daga bakinka."

"Ni ne, Cheli," ya ce, da sunan da yake kiranta a gida.

Ta ɗauka in ya amsa za ta yi ihu, ko ta mare shi. Sai ta ji muryarta ta fito a kwance kamar tana kiran sunayen 'yan aji. Ta tambaye shi ko wata mace ce. Ya girgiza kai. Ta ce ko kunya yake ji a ce mata ce ke fita aiki shi yana gida? Shi da bakinsa ya ce zai koyi kamun kifi, ya zama baƙi ƙirin a bakin teku. Ko gonar ubansa ce ba ya iya bari? Ya ce ba ko ɗaya. Ta tuna masa duk asubar da ya kai ta filin jirgi, ya ɗaukar mata akwati har bakin layi, ya sumbaci goshinta ya ce ta je ta nuna musu. Ta tuna masa shekarar da ta daina cin abinci don ta ɗauka ita ce ba ta iya komai ba, shi yana kwance a gefenta yana cewa ta ƙara gwadawa.

"Kai ka ba ta izinin ta taɓa maganar ɗanmu?"

Ya rufe ido. Ya ce bai san abin da take faɗa musu ba, bai taɓa tambaya ba. Cewa kawai ya yi ta san yadda za ta yi.

"Ba ka tambaya ba don ba ka son sani."

Bai musa ba. Hannuwansa na kan sitiyari, manya, duk tsaga saboda sanyi da kwalta.

Araceli ta ja numfashi ta ce to ya saurara. Makarantar na jiran hoton fasfo na kowa da kowa kafin mako ya fita, don a fara neman biza. Nata na nan, na Marisela na nan tun bara. Nasa ne kullum sai wata mai zuwa, sai an yi albashi, sai ya samu hutu. Gobe da safe za su je gidan waya tare, ya tsaya a gabanta ya nema. Abin da ya yi mata kuma su ƙarasa maganarsa a Muskat, ko su ƙarasa auren a can, duk ɗaya.

"Ba zan iya neman fasfo ba."

"Saboda me?"

Ya fara magana yana kallon gilashin gaba. Ya ce ta tuna lokacin da mahaifiyarsa ke jinyar ajali, ranar da ta ce kowa ya fita daga ɗakin sai shi da ƙawarta Ofelia? Araceli ta tuna. Ita ma an fitar da ita, ta zauna a baranda da Marisela a cinya tana jin haushin tsohuwar.

"Eloy Sisneros ya mutu tun yana goye, Cheli. Zazzaɓi ya kama shi lokacin da uwarsa ta kai shi ganin dangi a wani ƙauye a Chihuahua, can ƙetaren iyakar ƙasa. A can aka binne shi. Ta tsallaka iyaka da ɗanta, ta dawo da ɗan ƙanwarta. Ni ne ɗan ƙanwar."

Araceli ta juyo. A karon farko tun da ta shigo motar ta kalle shi sosai. Tabon nan na girarsa, furfurar da ta fara fitowa a gemunsa, wuyan rigar da ita ta goge masa jiya.

Ya ci gaba, maganar na fita da ƙyar. Ya ce an rubuta mutuwar a can, kuma akwai dangi da suka sani. Ya je har birni ya ga wata lauya a ɓoye. Ta ce masa ranar da ya nemi fasfo aka tono, ba wanda zai saurari cewa yana jariri aka yi abin. Ya yi zaɓe da sunan nan, ya yi aikin gwamnati da shi, ya rantse da shi. Za su kai shi iyaka su sauke, ƙasar da bai san kowa ba, kuma ba zai ƙara takowa nan ba. Shawararta ita ce ya zauna inda yake, kada ya ɗaga kai. Ba a yi wata biyu da wannan ba Araceli ta shigo gida da murna ta ce ta gano hanyar da za su fita duniya.

"To ni wa na aura?"

"Uwar da ta rene ni ta ce Anselmo aka raɗa mini. Ban taɓa jin wani ya kira ni da shi ba."

"Marisela fa, sunan wa take amsawa?"

Ya kifa goshi a kan sitiyari, kafaɗunsa na motsi. Hannunta ya tashi da kansa zai dafa bayansa kamar yadda ya saba, ta kama shi ta mayar cinya. Tausayinsa na cin ta, haushinsa na cin ta, ta rasa wanda za ta bi. Ta murɗa hannun taga don ta sha iska, gilashin ya sauka kaɗan ya maƙale.

Da ta sake magana, a hankali ta yi ta. Ta ce da ya faɗa mata tun farko, da ta zauna da shi, da ba ta ko nemi aikin ba. Amma ya zaɓi ya bar ta tana dukan bango shekara da shekaru yana kallo. Ba za ta tona shi ba, ko da wuƙa a wuyanta. Sai dai ba za ta mayar da aikin nan ba. Kwantiragin shekara biyu ne. Ita da Marisela za su tafi, duk hutu su zo. In an gama sai a ga abin da ya rage a tsakaninsu.

Eloy ya ɗago. Idanunsa jajur, amma kukan ya tsaya. Ya goge fuska da bayan hannu, ya kashe motar, ya zare makullin ya sa a aljihun ƙirjinsa.

"Ke kina iya tafiya, Cheli. Na daina tare ki. Amma ba za ki kai mini 'ya inda ba zan iya bin ta ba."

"Ba shawararka na nema ba."

"Na sani. Shi ya sa ranar da kika tafi Iowa na buɗe durowarki."

Araceli ta juyo ta dube shi.

"Ina fasfon Marisela, Eloy?"